Eagle Creek: Tafiya a Kwarin da Wuta Ta Ci

Duk wanda ya fito daga birnin Portland ta babbar hanya mai lamba 84 ya fuskanci gabas, kafin ya yi nisa zai ga gidaje sun ƙare, tsaunuka sun matso ta dama, kogin Kolambiya ya shimfiɗe ta hagu. Kogin nan shi ne iyakar jihar Oregon da jihar Washinton, a arewa maso yammacin Amurka, kuma shi ne ya keta jerin tsaunukan Cascade ya fita tekun Fasifik. Bangon dutsen da ke ɓangaren Oregon arewa yake kallo, rana ba ta samunsa sosai, saboda haka kullum a jiƙe yake, ruwa na zubowa daga samansa ta wurare da yawa. Wadda ta fi suna ita ce matsirgar Multnomah, mai tsayin kusan mita 190, da ake hangowa tun daga cikin mota. Can jama'a ke tururuwa. Ɗan ƙanwata, wanda karatu ya kai shi Portland, ya riga ya gaya mini tun da dare: "Kawu, waccan ta masu ɗaukar hoto ce. In ruwa kake son gani, sai ka taka da ƙafarka." Muka wuce ta, muka ɗan gota madatsar ruwa ta Bonneville, muka sauka a bakin wani rafi da ake kira Eagle Creek, kimanin kilomita 65 daga birni.

Farkon Oktoba ne, ganye ya fara komawa rawaya. Tun ba mu fara hawa ba rafin ya tsayar da ni. Cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, ga manyan kifaye, kowanne ya kai tsawon hannun mutum, suna kokawa da ƙarfin ruwa, kawunansu duk suna fuskantar sama. Kifin salmon ke nan. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya dawo inda ya fito ya zuba ƙwai ya mutu. Daga ranar da ya shigo kogi ya daina cin abinci. Waɗannan da nake kallo sun yi tafiyar fiye da kilomita 200 daga bakin teku, sun haye matakalar ruwa da aka gina musu a jikin madatsar Bonneville. Fatar wasu ta saɓule ta yi fari-fari, wasu sun riga sun mutu a gefe, ƙarninsu ya cika wurin. Ba mai ɗauka. Tsuntsaye da namun daji za su ci, abin da ya rage ya zama taki ga rafin. A gefe guda kuma ga gidan kiwon kifi na gwamnatin jiha, wanda aka gina don cike gurbin abin da madatsun ruwa suka rage wa kogin.

Turbar ta fara a sannu, tana bin gefen ruwa. Ba a jima ba ta ɗauki hawa, rafin ya yi ta nisa a ƙarƙashinmu har ya zama ƙara kawai ake ji. Can sai ƙasa ta ƙare, hanya ta koma tsagi a jikin dutse. Faɗinta a wasu wurare bai fi taku biyu ba. Ta hagu bango ne, baƙi, ruwa na ɗiga daga samansa yana sauka a wuyan mutum. Ta dama babu komai sai iska da kawunan itatuwa. An kafa ƙusoshin ƙarfe a bangon, an zarga igiyar ƙarfe mai kauri, wadda hannayen mutane suka goge har tana sheƙi. Na riƙe ta da kyau. Idan wani ya taho daga gaba, ɗaya zai manne da dutse, ɗaya ya wuce, a yi wa juna murmushi da godiya. Mutanen nan da a cikin gari ba sa kallon fuskar wanda ba su sani ba, a kan turba kowa sai ya gaishe ka.

Tsagin nan ba ruwa ne ya yi shi ba. Tun wajen 1916, lokacin da ake gina tsohuwar hanyar mota ta kogin Kolambiya a ƙarƙashin injiniya Samuel Lancaster, hukumar gandun daji ta Amurka ta sa leburori suka shiga kwarin da nakiya da diga da shebur. Suka yi ta fasa dutse taku bayan taku, har suka kai turbar wani tafki da ake kira Wahtum, kimanin kilomita 21 a can sama. Sansanin kwana da ke bakin rafin ma na wannan shekarar ne, kuma ana lissafa shi a matsayin na farko da hukumar ta gina wa masu yawon shan iska a duk ƙasar. Na yi ta tunanin mutanen da suka yi wannan aiki. Inda ni nake tafiya ina riƙe da igiya zuciyata na bugawa, su babu hanya ma tukuna, kuma a nan suka tsaya suna huda dutse da guduma. Ba gona suke nema ba, ba ma'adini ba. An biya su ne don wanda bai zo duniya ba tukuna ya samu hanyar zuwa kallon ruwa. Wannan tunani na hukumar ya burge ni, kuma aikin leburorin ya fi burge ni.

Dalilin yawan matsirga a nan yana jikin dutsen. Kimanin shekara miliyan 16 da suka wuce, ƙasa ta tsage a can gabas, narkakken dutse ya malalo ya rufe yankin, ya daskare, wani ya sake malalowa a kansa, hawa-hawa. Shi ne baƙin dutsen da ake kira basalt. Yayin da yake hucewa yakan tsattsage ya zama ginshiƙai masu kusurwa biyar ko shida, a jere kamar an auna. Tsaunuka suka yi ta ɗagowa, kogin Kolambiya yana yanka su. Daga baya, a ƙarshen zamanin ƙanƙara, wajen shekara 15,000 baya, wani babban tafki da ƙanƙara ta tare a yankin Montana ya riƙa ɓallewa, ambaliya na ratsa kwarin tana kankare gefensa. Ƙananan rafuka ba su iya cin dutse da saurin babban kogi ba, sai suka zama suna faɗowa daga tudu. Ga ruwan sama kuma. Garin Cascade Locks da ke kusa yana samun kusan milimita 2,000 a shekara, alhali garin The Dalles, da bai fi tafiyar minti arba'in gaba ba, ko 400 ba ya samu, don tsaunuka sun tatse gajimaren kafin ya isa can.

Bayan kilomita uku da 'yan kai muka iso matsirgar Punch Bowl. Ba ta da tsayi, mita goma ne da ɗan ɗori, amma duk rafin ne yake matsewa ta wani ƙaramin wuya ya zuba cikin wani zagayayyen tafki mai launin kore. Gani ya kori ji. A kan wani dutse a tsakiyar ruwan na ga wani ɗan tsuntsu toka-toka yana ta durƙusawa yana miƙewa, sai kawai ya nutse, ya yi tafiya a ƙarƙashin ruwa yana tsintar ƙwari, ya fito a wani wuri a bushe. An hana tsalle daga saman dutsen nan, don an rasa rayuka a wurin.

Sai dai tun daga farkon hawa akwai abin da ido ba zai iya kaucewa ba. Itatuwa da yawa a tsaye suke amma matattu ne. Dogayen itatuwan fir, waɗanda mutum biyu ba za su iya rungumar gindinsu ba, sun yi baƙi ƙirin daga ƙasa, ɓawonsu ya zube, sama kuma farare fat ba ganye. Wani gangaren gaba ɗaya haka yake, sai ka juya kwana ka tarar da wani kore shar kamar ba abin da ya faru.

Ranar Asabar, 2 ga Satumba, 2017, ana tsananin zafi, daji ya bushe, hukuma ta hana kunna wuta kowace iri. Wani yaro ɗan shekara 15 daga garin Vancouver na jihar Washinton ya zo yawo da abokansa a wannan turba. Ya kunna abin wasan wuta irin na biki, ya jefa cikin kwari. Wata mata da ta gani da idonta ta ce abokansa na tsaye, har da mai ɗaukar bidiyo. Hayaƙi ya taso. Wutar ta kama tsakanin bakin hanya da Punch Bowl, ta datse wa mutum 153 hanyar komawa. Yawancinsu wanka suka zo yi, daga su sai kayan iyo da silifa, wasu da ƙananan yara. Gaba kuma akwai wata gobarar da ke ci a can sama tun watan Yuli. A daji suka kwana, a ƙasa, cikin sanyi. Washegari jami'ai suka ratsa da su har tafkin Wahtum, inda motoci ke jiransu. Ba wanda ya mutu a cikinsu.

Bayan kwana biyu iskar gabas ta taso, busasshiya mai ƙarfi, wadda kan bi kwarin Kolambiya a ƙarshen bazararsu. Wuta ta yi gudun kilomitoci cikin dare ɗaya. Garwashi ya tsallake kogin duk faɗinsa ya kama daji a jihar Washinton. Aka kwashe mutane daga Cascade Locks da ƙauyukan gefen hanya, aka rufe babbar hanya har tsawon makonni, toka ta riƙa sauka a kan motoci a cikin Portland. 'Yan kwana-kwana sun kwana suna feshin ruwa kafin suka ceci tsohon masaukin baƙi na Multnomah. Sai ƙarshen Nuwamba aka ce an shawo kanta, bayan ta ci kusan eka 50,000.

A watan Fabrairun 2018 yaron ya amsa laifinsa. Kotu ta sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara biyar, da aikin sa'a 1,920 tare da hukumar gandun daji, da rubuta wasiƙun neman gafara ga waɗanda ya jefa cikin wahala. A watan Mayu alƙali John Olson ya ɗora masa diyyar fiye da dala miliyan 36, tare da sharaɗin cewa in ya yi shekara goma yana biyan abin da ya sawwaƙa bai sake laifi ba, ana iya dakatar da sauran. Hukuma ba ta bayyana sunansa ba, saboda ƙuruciyarsa da kuma barazanar da aka riƙa yi masa.

Muna tafe muna wannan magana da ɗan ƙanwata. Shi yana ganin kuɗin zalunci ne, tunda kowa ya san ba zai iya biya ba. Ni ina ganin lissafin yana da amfani ko ba a biya ba, domin an rubuta wa kowa ya ga nawa ne kuɗin wasa ɗaya. Amma ɓangaren hukuncin da na fi yarda da shi shi ne aikin. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma wanda ya yi wata da watanni yana kwashe duwatsu daga turba zai san nauyin abin da ya ɓata fiye da yadda takardar kotu za ta sanar da shi. Wanda ya fi damuna shi ne mai riƙe da waya, da sauran da suka tsaya kallo, ba wanda ya riƙe hannunsa. A wurinmu ma kowace kaka samari kan cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo, iskar hunturu ta kwashe ta ta kai gonar da ba a gama kwashewa ba, ta cinye dawa da harawa, kuma da wuya a ji an zauna an lissafa asarar, balle a nemi wanda ya ƙyasta ashanar.

Turbar ta yi fiye da shekara uku a rufe. Sai farkon 2021 aka buɗe ta, ba a jima ba ruwan sama ya zaftare ƙasa, aka sake rufewa har tsakiyar shekarar. Ashe gansakukar da ke lulluɓe da duwatsu ita ke riƙe da su, saiwar itatuwa kuma ita ke riƙe da ƙasa. Da wuta ta ci su, gangare ya saki. Gadoji ma sai da aka sauya, jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauko sababbin. Ɗaya daga cikinsu ita ce High Bridge, wajen kilomita biyar daga farawa, inda rafin ke ratsa wani matsattsen tsagi mai zurfin fiye da mita 30. Na leƙa sau ɗaya na wuce.

Dajin kuwa yana dawowa da ƙarfinsa. Binciken hukuma bayan gobarar ya nuna fiye da rabin wurin wuta ba ta yi masa mugun ci ba. Inda ta ci sosai, rana ta samu shiga, ƙasa ta cika da ciyayi da ƙananan itatuwa, wasu sun fi ni tsayi. Maƙwaƙwafai na ta aiki a jikin matattun itatuwa. Akwai wani tsiro mai ganye uku-uku, ja a wannan lokaci, da ɗan ƙanwata ya yi ta jan rigata kada in goga, don yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje na makonni. Gobara ba baƙuwa ba ce a kwarin nan. A Satumban 1902 ma wata babba ta ci ɓangarorin kogin biyu, ta kashe mutane da dama, kuma da yawa daga itatuwan da suka ƙone a 2017 bayan waccan suka tsiro.

Gaba da gadar muka tarar da allon katako da ke sanar da cewa an shiga dajin da doka ta keɓe, mai sunan Sanata Mark Hatfield. A 1984 aka keɓe shi, a 1996 aka sa masa wannan suna. Tushen abin wata doka ce da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1964, wadda ta ce a irin waɗannan wurare mutum baƙo ne, ya zo ya wuce. Ba hanyar mota, ba gini, ba inji, ko keke ba a shiga da shi. Ayari kada ya wuce mutum 12. Abin da ka shigo da shi, har ɓawon ayaba, da shi za ka fita. Ban ga jami'i ko ɗaya ba, kuma ban ga leda ko ɗaya a ƙasa ba.

Dokar tana da kyau, amma akwai abin da ta yi shiru a kai. Wurin nan da mutanensa. Al'ummomi masu harsunan Chinook sun yi dubban shekaru a bakin kogin suna kamun salmon, kuma ayarin Lewis da Clark ya tarar da garuruwansu a 1805. A ƙarshen bazara sukan hau tsaunukan nan tsinkar 'ya'yan itace, har sukan sa wa wasu filaye wuta da gangan, a lokacin da suka san ya dace, don kada daji ya rufe su. Cututtukan da baƙi suka kawo sun kashe mafi yawansu, yarjeniyoyin 1855 suka kwashe sauran zuwa keɓaɓɓun yankuna irin su Warm Springs da Yakama da Grand Ronde. Madatsar Bonneville ta nutsar da gangaren ruwan da suke kamun kifi a 1938, madatsar The Dalles ta nutsar da babbar matsirgarsu ta Celilo a 1957. Jikokinsu suna nan. Har yau suna kafa dandamalin katako a bakin kogi suna kamun kifi da koma, suna sayarwa a Cascade Locks. Duk wanda zai yaba shirun wannan daji, ya kamata ya san yadda aka yi ya zama shiru.

Azahar ta same mu a wani wuri da turba ta sauko daidai ruwa. Na yi alwala, sanyin ruwan ya shiga har ƙashi. Muka shimfiɗa riguna a kan wani faffaɗan dutse. Wasu dattawa biyu, mata da miji, suka iso muna cikin salla, suka tsaya nesa har muka sallame, sannan suka wuce suna ɗaga mana hannu. Ruwan sha kuwa sai da aka tace shi da 'yar matata, don duk haskensa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.

Daga nan hanya ta ƙara tsauri. Akwai inda aka fasa kan ginshiƙan dutsen, ƙasa ta zama rami-rami, kowane taku sai an duba. Kusan kilomita goma daga farawa, muka juya wata kwana, sai iska mai ɗauke da feshi ta bugi fuskata. Bangon dutse ya zagaya kamar rabin da'ira, kore shar da gansakuka da ƙananan ganyaye, ruwa na faɗowa daga sama kimanin mita 50, siriri, fari, ba ya taɓa komai sai ya kai ƙasa. Turbar tana tsakiyar bangon, rabi sama rabi ƙasa, kuma kai tsaye ta nufi ruwan. Leburorin nan da suka iso wurin ba su samu ta inda za su kewaye ba, sai suka huda dutsen ta bayan ruwan. Shi ya sa ake kiranta Tunnel Falls. Ramin gajere ne, duhu, ruwa na tsiyaya daga rufinsa, ƙarar kuma a ƙirji ake jinta fiye da kunne. Ka shiga ruwa na gabanka, ka fito yana bayanka, kusa har kana iya miƙa hannu feshinsa ya jiƙa ka. Na ce Subhanallah, ban ji muryata ba.

Ɗan ƙanwata ya nace mu ƙara kaɗan, ta wani wuri da ya fi ko'ina tsoratarwa, har wata matsirgar da ake kira Twister, inda ruwan ya rabu biyu ya sarƙe da kansa yana gangarawa. A nan muka ci gurasa da dabino. Wasu matasa suka wuce mu da manyan jakunkuna, ƙafafunsu duk ƙura. Masu bin doguwar turbar Pacific Crest, mai tsawon fiye da kilomita 4,200 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, da yawansu sukan ratse ta nan don su bi ta bayan ruwan.

A hanyar dawowa muka tarar da 'yan sa-kai, maza da mata, sanye da hular kwano, sun taru a kan wani ƙaton itace da ya faɗo ya tare turba. Da safe ta ƙarƙashinsa muka sunkuya muka wuce. Tunda cikin keɓaɓɓen daji ne, ba a yarda su kunna zarto mai inji ba. Wani dogon zarto suke ja, mai mariƙi biyu, mutum ɗaya a kowane gefe, irin wanda aka yi aiki da shi shekara ɗari baya. Kowa ja kawai yake yi, ba ya turawa, in ya tura zarton ya lanƙwashe. Kafin su fara sai da suka sassaƙe ɓawon da ya ƙone da gatari, don gawayi da tsakuwa na dakusar da haƙoran zarto, kuma masu iya wasa shi sun yi ƙaranci. Suna yanka suna buga 'yan ƙarafa cikin tsagin kada itacen ya matse. Wata mata mai furfura, wadda ke jagorantarsu, ta tsayar da aiki ta ba mu hanya. Na tambaye ta ko biyansu ake yi. Ta ce a'a, cikinsu akwai malamar makaranta, akwai mai gyaran lantarki, akwai waɗanda suka yi ritaya, kowa ranar hutunsa ya bayar. Ta nuna mini gangaren da ke samanmu, cike da matattun itatuwa a tsaye, ta ce duk waɗannan sai sun faɗo, wasu bana, wasu nan da shekara goma ko ashirin, kuma duk wanda ya faɗo a kan turba da hannu za a yanka shi. Damina na gab da farawa, wadda a nan ita ce lokacin sanyi, kuma in ta wuce za su sake bin hanyar tun daga ƙasa su ƙirga abin da ya zubo.

Muka yi musu sannu da aiki, muka haye ta kan gungumen. Ɗan ƙanwata ya duba agogo ya ce, "Kawu, mu ɗaga ƙafa. Rana na saurin faɗuwa a kwarin nan, kuma wurin igiyar ƙarfe yana gabanmu."